Saura Izu Biyu

Shehi Hasan ya daina magana a watan Maris na 2015, saura izu biyu Ukasha Iliya ya kammala karanta masa Alƙur'ani. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya same shi yana alwala, a gidansa da ke wani lungu na Abbasiya, cikin Alƙahira. Ya rayu, amma hannunsa na dama ya mutu, harshensa ma ya tafi. Ijazar da Ukasha ya zo Masar dominta, wato furucin malami a gaban shaidu cewa ya saurari ɗalibi daga Fatiha zuwa Nasi kuma ya yarje masa ya koyar, ba a furta ta ba.

A Abbasiya an san shi da Malam Ukasha, ɗalibin ƙira'a daga Yelwan Yawuri. A Wustul Balad, tsakiyar gari, Yelwa kawai ake ce masa: dogon saurayin nan mai dukan fiyano kamar ya yi masa laifi, yana waƙar rok da harshen da babu mai ji. Tashoshi kaɗan ne na jirgin ƙarƙashin ƙasa tsakanin unguwannin biyu, amma an daɗe babu wanda ya san mutum ɗaya ne, in ba abokin ɗakinsa Harun ba.

Shehi Hasan makaho ne tun yarinta, kuma yana da tasa hanyar koyarwa. Masu tajwidi da yatsu suke auna tsawon madda: a naɗe yatsa ɗaya, a naɗe na biyu, gwargwadon yadda za a ja sauti. Sauran malamai kallon yatsun ɗalibi suke yi. Shi kuwa sai ɗalibi ya durƙusa gabansa ya ɗora hannun dama a tafinsa, ya ji ƙirgar da kansa. In an ja sauti ya zarce, ko an gutsure shi, ba ya cewa uffan. Matsa hannun yake yi sau ɗaya, ma'ana a koma. Ɗaliban Najeriya suna kiransa Mai Filaya a tsakaninsu, domin da yawa sukan fito suna yarfe hannu.

Ukasha bai cika shan matsa ba. Yana da kunne, yana da numfashi, kuma Shehi ya taɓa faɗa wa 'yarsa Fatna, wadda ke kula da gidan, cewa muryar yaron nan ta kogi ce. A Yelwa, mahaifin Ukasha, Malam Iliya, ya ƙara ɗaki ɗaya a Islamiyyarsa ta bakin ruwa. Bai sa kowa a ciki ba. Mutanen unguwa suna ce masa ajin Ukasha.

Fiyanon ya same shi ne a unguwar Mohandessin, a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya inda yake koya wa yara karatu. Tsohon abu ne na mai gidan hayar, an bar shi a falo don ba ya bin matakala. A watan Janairu na 2011, da gari ya yamutse, aka kwashe iyalan zuwa gida Najeriya, aka roƙi Ukasha ya kula da wurin. Makarantu a rufe, waya ba ta shiga, ta taga yana hango hayaƙi a ƙetaren Nilu. Wata rana da hantsi ya ɗaga murfin ya danna da yatsa ɗaya.

Abel, ɗan maƙwabcinsu, saurayi ne ɗan Kafancan da ya tashi yana kiɗa a coci. Ya jure kwana biyu, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ustaz, don Allah ka tausaya mana. Can ana harbi, nan kana harbi."

"Dubawa kawai nake yi."

"To ba tasbaha ba ce da za ka riƙa ja ɗaya-ɗaya. Matsa can. Allah ya ba ka yatsu goma."

Kafin iyalan su dawo, Ukasha ya iya abin da Abel ya ce shi sai da ya yi shekara biyu. Sai dai bai taɓa kaɗa shi yadda aka koya masa ba. Hannun hagunsa yana bugu ne da nauyin ganga irin ta masuntan garinsu. Na dama kuwa yana neman sautukan da ya saba ji a bakin makaranta Alƙur'ani na Masar, waɗanda ke faɗawa tsakanin madanni biyu, inda fiyano ba shi da komai. Sai ya riƙa danna farin da baƙin da ke gefensa tare. Sautin yana fitowa da kaushi, kamar ana goga ƙarfe. Abel ya ce kuskure ne. Ya'ƙub, Bamisire mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki wanda daga baya ya riƙa buga musu ganguna, ya ce kada ya kuskura ya gyara.

A shekarar nan kowa a Alƙahira yana da abin faɗa, kowane dandali kuma yana da mawaƙi. Su ukun suka fara a titi da fiyanon lantarki na aro, suka koma wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Wustul Balad. Ukasha yana rubuta waƙoƙin da Hausa, amshin da Larabcin Masar. Wadda ta fi tafiya ita ce "Jirgin Kasuwa", a kan kwalekwalen da ya nutse da yayansa Ɗanjuma suna yara. Samarin Masar suna bin amshin suna tsalle, ba su san gawa ake nema a ruwa ba. A 2012 suka yi faifai, wani gidan rediyo ya sa shi, wata mujalla ta buga hotonsa. Bayansa kawai hoton ya nuna, domin kullum yana juya wa jama'a baya. Mujallar ta ce salo ne.

Harun ya jefa masa mujallar a kan katifa.

"Wannan ƙeyar ko a Arfa na gan ta zan gane ta."

"Kai kaɗai ne."

"Akhi, ni ba zan kai ka ƙara ba. Amma makaho kake yi wa wasa da hankali, kuma hannunka yake riƙewa duk Asabar."

"Hannu ba ya magana."

"Tamam, shi ke nan," in ji Harun, ya juya ya ci gaba da muraja'arsa.

Ba a jima ba, wata Asabar, kafin a fara karatu Shehi ya tsaya yana lailaya yatsun Ukasha ɗaya bayan ɗaya.

"Hannun nan ya yi ƙarfi, ya ibni, ɗana. Farce a yanke har ƙasa. Wane aiki kake yi?"

"Ina buga wa ɗalibai rubutu a kwamfuta, ya Maulana."

"Allah ya sa albarka. Bismillah."

Aka ci gaba. Sura na bin sura, wasa na bin wasa. Ukasha ya yi wa kansa doka: ranar Juma'a ba ya taɓa fiyano, domin hannun ya huce kafin Asabar. Dokar ta riƙe shi fiye da shekara.

A watan Agusta na 2013 Ya'ƙub ya fita gyara a wani shago kusa da dandalin Ramsis, harsashi ya same shi a wuya. Ba a san na wane ne ba, ba a kuma bincika ba. Ukasha ya ga gawar a masallacin unguwarsu, da man inji har yanzu a ƙarƙashin farcensa. Ya koma ɗaki ya yi waƙa guda a kan Saba, wato zubin murya mai kama da kuka wanda makaranta ke amfani da shi a ayoyin tsoratarwa. Babu ganga a cikinta. Inda Ya'ƙub zai shigo, sai ya bar wurin fayau, hannun hagu ya buga sau uku.

Abokan mamacin suka shirya taron cikar kwana arba'in. Saboda dokar hana fita, bayan la'asar aka sa shi, kuma ya faɗa ranar Juma'a. Mahaifiyar Ya'ƙub ta aiko cewa za ta zo, tana so ta ji abin da ɗanta yake yi da ya hana shi aure.

"Gobe Asabar," in ji Ukasha.

"Ustaz, tsohuwar nan daga Shubra za ta taso," in ji Abel. "Ka faɗa mata da bakinka."

Ukasha ya kaɗa. Ta sa ya maimaita waƙar. A karo na biyun mutane ba su tafa ba, sai tsohuwar ta taso ta sumbaci kansa.

Washegari ya durƙusa gaban Shehi ya buɗe Amma, farkon izu biyun ƙarshe. Da ya kai ayoyin tashin alƙiyama, muryarsa ta zame da kanta zuwa Saba, abin da aka saba kuma babu laifi a cikinsa. Karatun ya yi kyau. Shi kansa ya ji haka. Fatna ta daina motsi a kicin.

Shehi bai matsa hannun ba. Sakinsa ya yi.

Ukasha bai taɓa ganin an saki hannun ɗalibi a tsakiyar aya ba. Ya daina karatun.

"Me kake ƙirgawa?"

"Madda, ya Maulana."

"A'a. Mai ƙirga naɗe yatsu yake yi. Kai dannawa kake yi, uku-uku, biyu tare." Shehi ya buɗe tafinsa kamar yana nuna tabo. "Ƙanena ya yi shekaru yana kaɗa wa baƙi fiyano a otal. Har ya mutu yana yi mini haka a gwiwa in muna hira. Wace kwamfuta ce ake bugawa a kan Saba?"

Ukasha ya sunkuyar da kai.

"Maganar kiɗa, malamai sun yi saɓani tun kafin a haifi kakana, ba ni zan raba su ba. Ƙaryar ma na yafe, tun ranar da ka yi ta na san ƙarya ce. Amma kana karanta Littafin Allah kana yi masa kiɗa a tafina. Idan na ce na yarje maka, sunana zai shiga jerin waɗanda suka karɓa daga waɗanda suka karɓa. Me zan ce na ji yau?"

"Ban san ina yi ba, wallahi."

"Shi ne abin. Da ka sani, da sai in ce ka daina." Ya laluba ya ɗauki kofin shayinsa. "Tafi, ya ibni. Ranar da hannun ya yi shiru, ka dawo mu ƙarasa. Ina nan."

Ukasha bai daina ba nan take. Ya gaya wa kansa cewa horo ne kawai ake buƙata, ya ci gaba da biyun, karatu da kiɗa. Waƙar Ya'ƙub ta yaɗu a wayoyi, aka gayyace su Iskandariyya. Sau biyu yana komawa Abbasiya. Kowane karo Shehi ya ce, "Hannu," ya riƙe, ya sa shi karanta Fatiha, ya sake shi.

"Ba yanzu ba. Fatna, ba shi shayi."

Garin kuma ya canza. Aka hana wasa a titi. Aka rufe ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kan maganar lasisi, aka kwashe kujerun. Gidan rediyon ya koma sa waƙoƙin kishin ƙasa. A 2014 aka mayar da mahaifin Abel gida, Abel ya bi shi. A filin jirgi ya rungume Ukasha.

"Ustaz, ka zaɓi ɗaya kafin su biyun su zaɓa maka."

Bayan haka Ukasha ya yi 'yan watanni yana kaɗa waƙoƙin wasu a wani gidan abinci da ke bakin Nilu. An ce masa kada ya rera, kada ya buga da ƙarfi, kuma sautin nan mai kaushi yana damun masu cin abinci. Ya riƙa danna madanni ɗaya-ɗaya. Faifai na biyu ya tsaya a waƙa huɗu. A lokacin ne Harun ya kammala tasa saukar, aka yi masa walima da shinkafa da kaza.

Malam Iliya yana kira duk bayan sallar Juma'a.

"Ukashatu, ina aka tsaya?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Bara ma haka ka ce. Ko Shehin ne ba shi da lafiya?"

"Lafiyarsa lau. Yana so ne abin ya nuna sosai."

"To madalla. Haka malaman ƙwarai suke. Ɗakin nan na sa an sake masa fenti, damina ta ɓata shi."

A ƙarshen shekarar ya bar gidan abincin. Ya zuge fiyanon lantarkin cikin jakarsa ya ɗora a kan kabad. Hannun bai yarda da sauƙi ba. Ukasha yana kama shi yana dannawa a ƙarfen jirgi, a gefen faranti, a kan cinyarsa cikin tahiyya. Harun ya ɗauki aikin Shehi: yana riƙe masa hannu suna muraja'a, in ya ji dannawa ya ce, "Ga mutumin naka." Da farko a kowane shafi. Daga baya a kowace sura. Cikin Fabrairu suka yi Amma da Sabbi sau da yawa Harun bai ce komai ba.

Ukasha ya kira Fatna. Ta je ta dawo ta ce Shehi ya ce ya zo Asabar, kuma ya yi dariya. Ranar Alhamis Shehi ya faɗi a wurin alwala.

Sai bayan wata biyu aka dawo da shi daga asibiti. Ukasha ya zagaya wajen wasu malamai uku a tsakanin. Duk amsarsu ɗaya: ba sa shaidar abin da ba su ji ba, sai dai ya fara musu daga Fatiha. Wannan aikin shekaru ne, izinin zamansa a Masar kuwa a Satumba zai ƙare, kuma tallafin karatunsa ya riga ya ƙare.

Fatna ce ta kawo shawarar. Ta ce mahaifinta yana ji, yana ganewa, hannun hagunsa yana aiki. Takardar ijaza tana nan, hatiminsa yana hannunta. Su zo da shaida, a ƙarasa.

Suka je da hantsi, shi da Harun. An jingina Shehi da matasai a kan gado. Ya rame, gefen bakinsa ya karkace, an sa masa hularsa.

"Baba, Ukasha ne," in ji Fatna. "Ɗan Najeriyar nan naka mai taurin kai."

Shehi ya buɗe hannun hagu a kan bargo. Ukasha ya durƙusa a gefen gadon ya ɗora nasa. Tafin ya yi sanyi, ya yi laushi, ba shi ne wanda ya saba da shi ba.

Ya fara daga farkon Amma. Bai shiga Saba ba, ya riƙe murya a miƙe kamar mai koya wa yara. Yana naɗe yatsu, yana warwarewa. A waje mai sayar da tukunyar gas yana buga ƙarfensa. Shehi bai motsa ba. Ukasha ya wuce inda aka sake shi a wancan karon, hannun yana nan. Ya shiga Sabbi. A gajerun surorin ƙarshe, inda ayoyi ke zuwa da sauri kuma da amo ɗaya, ya ji wani abu a yatsansa na huɗu. Ko dannawa ce, ko rawar jiki ce, bai iya tantancewa ba. Bai tsaya ba. Ya kai Nasi, ya rufe.

Sannan Shehi ya matsa hannun, sau ɗaya, da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Bai sake shi ba. Bakinsa ya motsa, iska ta fito, babu harafi.

"Allahu akbar!" in ji Fatna. "Ya yarda. Kun gani? Mabruk, ya Ukasha." Ta nufi durowa.

"Abla Fatna, ki dakata," in ji Harun. Abla suke ce mata, kamar yadda ake ce wa babbar yaya. "Shekara nawa ina gaban Maulana. In ya matsa, koma yake nufi."

"Ya koma ina? An gama!"

"Ban sani ba."

"Mutum ba ya iya magana, ya riƙe hannun ɗansa ya matsa. Me kake so ya yi, ya tashi ya yi guɗa?" Ta juya ga gadon. "Baba, in ka yarda ka sake matsawa."

Suka jira. Idanun Shehi a rufe, numfashinsa ya yi nauyi. Barci ya ɗauke shi da hannun Ukasha a cikin nasa.

Fatna ta ajiye takardar da hatimin a kan tebur, ta miƙa wa Harun biro.

Harun bai karɓa ba. "Na ji karatun, ban ji kuskure ba. Wannan zan iya rantsewa a kai. Amma a nan cewa aka yi na ji ya furta." Ya dubi Ukasha. "Akhi, kai ne hannunka yake ciki. Me ya ce?"

Ukasha ya zare hannunsa a hankali don kada ya ta da tsohon. Ya dubi yatsun. Suna nan shiru.

"Ban sani ba," ya ce.

Fatna ta mayar da hatimin cikin durowa ta rufe da ƙarfi, ta shiga kicin. Can suka ji ta ɗora ruwan shayi.

Ukasha yana zuwa duk Asabar. Yana karanta izu biyun daga farko, Harun na zaune a kujera. Wani lokaci Shehi yana matsawa a ƙarshe, wani lokaci barci yake yi tun ba a kai Sabbi ba. Fiyanon yana kan kabad. Wani mai shirya wasa daga Iskandariyya ya kira sau biyu, Ukasha bai ce e ba, bai ce a'a ba. A Yelwa an sa tabarmi a ɗakin.

A farkon Satumba likitan da ke duba Shehi ya gaya wa Fatna cewa magana tana dawo wa wasu. Bai ce yaushe ba.